Sikeli da Baƙar Tukunya

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran kurakurai a gidan ɗab'i. Aikina shi ne in zauna kusa da taga da jan biro, in bi takarda layi-layi kafin a ɗora ta a inji, in kama harafin da ya juye ko waƙafin da ya ɓata. A makarantar mishan aka koya mini haka, inda malaminmu kan mayar wa ɗalibi da littafinsa saboda ɗigo ɗaya da bai sa ba. Biron nan ya sa ma'aikata suka laƙaba mini Jan Biro. A duk shekarun da na yi a wurin, mutumin da na ga ya fi kowa sanin aikinsa bai iya karanta ko sunansa ba.

Muna ce masa Sikeli. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. A takarda masinja ne, amma shi ke buɗe gidan da safe, shi ke share shi, shi ke rufewa. Ginin dogo ne: ofis a gaba, sai ɗakin tsara haruffa inda nake zama, sai ɗakin inji, sai wani siririn lungu da ke kai mutum siton takarda. A ƙarshen lungun akwai wani ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, wanda tsohon mai gidan ya ba shi ya zauna da matarsa muddin yana aiki a wurin. Matar, wadda dukanmu muke kira Inna, ɓarin jikinta na dama ya shanye shekara uku kafin abin da zan ba da labari. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure can nesa a ɗaki guda da yara biyar. Saboda haka ɗakin nan na ƙarshen lungu shi ne iyakar matsuguninsu, kuma ba nasu ba ne.

Akwai tukwanen kashe gobara huɗu a gidan. Babu wanda ya ɗora wa Sikeli kula da su, shi ya ɗora wa kansa. Namu na da ne, kowace da launinta daga sama har ƙasa. Ja ita ce ta ruwa, doguwa, ta kusa kai mini ƙugu, tana rataye a bakin sito. Mai launin madara ta kumfa ce, tana kusa da inda ake ajiye tawada da kananzirin wanke inji. Shuɗiya ta hoda ce, wurinta bakin ƙofar baya wajen janareta. Sai baƙa, 'yar gajera mai nauyin tsiya, da wani abu kamar ƙaho a gefenta. Babu komai a cikinta sai iska da aka danne, kuma ƙugiyarta tana ɗakin inji.

Wata safiya na tsaya ina kallonsa yana goge su, ya ce mini, "Malam, ku kuna cewa wuta, wuta, kamar ɗaya ce. Ai dangi ce. Ta takarda daban, ta mai daban, ta lantarki daban. Ta takarda ka ba ta ruwa. Ta mai ka lulluɓe ta da kumfa. Ta lantarki kuwa, in ka watsa mata ruwa, sai ta hau ruwan ta zo ta same ka har inda kake tsaye."

Na ce, "To shuɗiyar fa? Na ji an ce tana cin kowace wuta."

"Tana ci, har ta lantarkin. Amma in ka fesa ta a inji, hodar za ta shige kowane lungu na jikinsa. Ka kashe wuta, ka kashe inji. Baƙar nan kuwa ta yi aikinta ta wuce, ko ƙura ba ta bari. Sai dai ba ta da dogon numfashi, kafin ka ƙirga ashirin ta ƙare. Kuma kada ka kuskura ka riƙe ƙahon, sanyinsa ya fi garwashi cizo."

Litinin ta farko a kowane wata yake duba su. Uku daga cikinsu suna da ɗan agogo mai allura a wuya, sai ya ƙwanƙwasa gilashin da farce ya ga allurar tana inda ya kamata. Shuɗiyar yakan kife ta, ya kanga kunne a jikinta, ya saurari zubar hodar. In bai ji tana gangarawa kamar yashi ba, ya san ta dunƙule. Baƙar ce ba ta da agogo, ba a sanin ko iskar ta sulale sai an auna nauyinta. Sai ya saɓa ta a kafaɗa ya kai ta sito, ya ɗora a babban sikelin da muke auna takarda. Ya yi wa sikelin wani ɗan tabo da bakin ƙusa, daidai inda allura take tsayawa in tukunyar cike take. Daga nan sunan ya samo asali, har aka manta da wanda iyayensa suka raɗa masa.

Sau ɗaya tak ya gaya mini dalili, muna zaune a benci bayan tashi daga aiki. Yana ɗan shekara ashirin, yayansa yana da injin niƙa mai aiki da lantarki. Wata rana da hantsi motar injin ta fara hayaƙi, sai harshen wuta ya leƙo. Yayan ya suri bokitin ƙarfe cike da ruwa, ƙafarsa babu takalmi, ya sheƙa.

Sikeli ya ce, "Ina bakin ƙofa da buhu a kai. Ko ihu bai yi ba, Malam. Wutar ma ba wata babba ba ce, da an kashe makunni da buhu kaɗai ya ishe ta."

Bayan rasuwar ya tafi ofishin 'yan kwana-kwana ya roƙi aiki. Shekara goma sha biyu yana wanke mesa, yana ɗura tukwane, yana ɗaukar kaya in an fita. Sau uku ana jarrabawar ba da hular aiki, sau uku ana tsallake shi, domin jarrabawar ta rubutu ce. Da ƙafarsa ta samu rauni aka sallame shi, tsohon mai gidanmu ya ɗauke shi.

Haka muke har tsohon ya gaji ya miƙa wa ɗansa gidan. Muna ce wa ɗan Manaja. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Matashi ne mai karatu, mai son abu ya yi tsaf, mai jin haushin a maimaita masa magana. Shi ya kawo sabon inji, wani ƙato mai launin toka da yake buga a awa ɗaya abin da tsofaffin injinanmu ke bugawa a yini. Sai da aka fasa ƙofa kafin ya shiga. Aka kafa masa akwatin makunni a bango, aka jona shi da tsofaffin wayoyin gidan. Injin yana shan ruwa a aikinsa, don haka ƙasan wurin kullum da danshi.

Manaja ya ɗauki injin nan kamar ɗan fari. Duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya gani. Ran nan ya tsaya da hannu a aljihu, ya dubi baƙar tukunya a ƙugiyarta da fentinta duk ya ɓamɓare, ya yamutsa fuska. Ya sa aka ɗauko jar daga sito, aka sake mata fenti har tana ɗaukar ido, aka rataye ta kusa da injin. Baƙar aka kai ta sito. Mai fentin bai bar komai ba, har 'yar takardar bayani da ke jikin tukunyar, wadda dama ta koɗe, ya bi ta da ja.

Washegari da muka zo, baƙar tana ɗakin inji, jar tana sito.

Manaja ya kira Sikeli ofis. Ƙofar a buɗe take, teburina kuma yana kusa, don haka na ji komai.

"Baba, wa ya taɓa tukwanen nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ni na sa aka sauya su."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ta ruwa ce. Ba a ajiye ta ruwa kusa da lantarki."

"Baba, nan gidan takarda ne. Dubi tarin takardar da ke gefen injin. In ta kama, wannan 'yar baƙar taka me za ta yi? Babban inji, babbar tukunya."

"In takarda ce ta kama, a kashe babban makunni, a ɗauko jar daga sito, taku goma ne. Amma in akwatin ne ya kama, mutumin da ke tsaye a nan ba zai tsaya tunani ba. Abin da hannunsa ya tarar a ƙugiya shi zai fesa."

"A ina aka rubuta haka?"

"Da akwai a jikinta, an shafe."

"To ka kawo mini a rubuce. Kafin nan, yadda na ajiye a bar mini."

A nan ciwonmu yake, mu masu ɗab'i. Abin da ba a buga a takarda ba, ba ma ɗaukarsa magana. Da wani ɗan littafi mai hatimi ya faɗi abin da Sikeli ya faɗa, da Manaja ya bi a take. Ni da nake da ilimin neman littafin ban nema ba. Na ɗauka rigimar za ta mutu da kanta.

Ba ta mutu ba. Shugaban masu inji, wanda muke kira Heluma, shi aka ba umarnin mayar da jar. Heluma dogo ne mai ƙatuwar murya, mai dariya da dukan cinya, kuma shi ke tuƙa sabon injin da kansa. Kullum da ƙarfe takwas sai ya tarar da baƙa a ƙugiya, ya saɓa ta ya kai sito yana haki, ya dawo da ja. Kullum da sassafe kafin kowa ya zo, Sikeli ya sake sauya su.

Heluma yakan ɗaga murya a lungu ya ce, "Tsoho, bayana zai ɓalle saboda budurwar nan taka! Baƙa, gajera, ga nauyi. Me ka gani a jikinta?"

Sikeli yana shara ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce, "Kai dai ka yi mata ladabi. Ba ka san ranar da za ka nemi alfarma wurinta ba."

"Ni? Allah ya tsare ni. Ka auna ta yau kuwa? Ko ta rame da kewarka?"

Ma'aikata su yi ta dariya. Amma na lura da wani abu da su ba su lura da shi ba. Duk lokacin da Sikeli ya wuce akwatin makunnin, sai ya ɗora bayan hannunsa a murfin, ya ɗan tsaya, ya shinshina. A mako na biyu ya gaya wa Heluma akwatin yana ɗumi fiye da kima. Heluma ya taɓa ya ce ai kowane mai aiki yana zufa. Ya gaya wa Manaja, Manaja ya ce za a kira mai gyaran waya idan an gama aikin da ke hannu. Littattafan makaranta ne muke bugawa, ana jiransu.

A mako na uku Manaja ya yi wa Sikeli kashedi na ƙarshe a gaban mutane. Ya ce in ya sake taɓa tukunyar, ya nemi wani wurin. Da aka tashi, na bi shi har ɗakinsa. Inna tana kishingiɗe a gadon ƙarfe, an tokare ta da matashi biyu. Ɗakin fes, ga 'yar rediyo a taga, ga kujera ɗaya, wadda ya ba ni.

Na ce, "Sikeli, ka faɗi gaskiyarka, an ji. Ka bar masa tukunyarsa. In aka kore ka, ina za ka kai baiwar Allah nan?"

Ya zauna a bakin gado yana matsa wa Inna ƙafa. Ya ce, "Na yi tunanin haka, Malam. Kwana nawa ina yi."

"To?"

"To Heluma yana da 'ya'ya shida. Kullum yana tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kamu biyu daga akwatin nan. In na bar jar a wurin, na san abin da na bari."

Inna, da bakinta ya ɗan karkace amma maganarta na fita, ta ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka. Shekara arba'in ina fama da taurin kan nan nasa. Ran da aka kawo ni gidansa, kafin ya dube ni sai da ya duba inda aka ajiye fitila."

Sikeli ya ce, "Kusa da labule aka ajiye ta, yarinya."

"Ka ji ko? Yarinya. Haƙorana huɗu suka rage." Ta yi dariya har ta sarƙe, ya ba ta ruwa. Da ta huta sai ta dube ni ta ce, "Ni dai na so in mutu a ɗakin nan, na saba da tagar. Amma ba zan ce masa ya bari ba. In ya bari ba zai iya barci ba, ni ma ba zai bar ni in yi ba."

Da safe baƙar tana ƙugiya.

Ranar Laraba ce. Manaja ya buga takardar sallama da kansa, ya kawo mini ya ce in duba masa. Na karɓa. Na sami kuskure biyu, harafi ɗaya da ya faɗi da kwanan wata da aka juya, na gyara da jan birona na mayar masa. Har yau in na tuna nakan ji kunya. Bayan awa ɗaya Sikeli ya zo teburina da ambulan, ya ce in karanta masa. Na karanta. An ba shi zuwa Asabar ya kwashe kayansa.

Ya saurara har ƙarshe, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce, "Ke nan har Asabar ni ma'aikaci ne?"

Na ce haka ne.

"To madalla."

Ranar Alhamis da safe Heluma ya shigo, ya ga baƙar a ƙugiya, ya tsaya yana kallonta. Na ga ya ɗaga hannu zai sauke ta, sai ya ji ƙarar guduma daga ƙarshen lungu, Sikeli ne yake cire ƙafafun gado. Ya sauke hannunsa ya ce, "A bar wa tsoho kwana biyun nan. Ni ma bayana ya huta." Ranar babu wanda ya yi dariya.

Da ƙarfe uku da kwata na yamma ina kan shafi na sittin da huɗu na littafin lissafi, sai na ji wani ƙauri kamar an ƙona roba. Kafin in ajiye biro na ji tas-tas-tas, sannan wani ya ƙwala ihu, "Wuta!"

Na leƙa ɗakin inji. Murfin akwatin ya ɓalle yana lilo, tartsatsi shuɗi yana feshi daga ciki, harshen wuta yana lasar bango. Injin bai tsaya ba, yana ta haɗiyar takarda. Ma'aikata biyu sun yi waje. Heluma yana tsaye a wurinsa. Na ga ya juya, ko duban ƙugiyar bai yi ba, ya miƙa hannu ya fizgo abin da ke jikinta. Ya zare fil, ya damƙi ƙahon da hannun hagu, ya matsa. Tukunyar ta yi wani ruri, farin hazo ya turnuƙe akwatin.

Ni kuwa, mai karatu, me na yi? Na ruga sito na rungumo jar. Ita ce babba, ita ce mai kyau, ita zuciyata ta ba ni. Ina jan ta a lungu sai fitilu suka ɗauke gaba ɗaya, injin ya yi gunji ya yi shiru. Sikeli ne tsaye jikin babban makunnin gidan, wanda ke bango kusa da ƙofar ɗakinsa, hannunsa a kai.

Ya dube ni, ya dubi abin da nake ja. Ya ce, "Kai ta tsakar gida, Malam. Kada ta shiga ɗakin nan."

Ya wuce ni yana ɗingishi da sauri. Wutar akwatin ta mutu, sai hayaƙi. Ya ture tagogi, ya ce kowa ya fita ya sha iska, domin abin da ke cikin baƙar tukunya yana cinye numfashi a rufaffen wuri. Gefen tarin takardar da ke kusa ya fara ci a hankali, yana ja. Ya sa aka jawo katakon da takardar ke kai har tsakar gida, nesa da injin. A can ya karɓi jar daga hannuna, ya zare fil ɗinta, ya jiƙe takardar sharkaf.

Ya ce, "Ka ga aikinta. Ba ta da laifi."

Heluma yana zaune a kan dakali yana kallon tafin hannunsa na hagu. Tafin ya yi fari fat, kamar an shafa alli. Sikeli ya shiga ɗaki ya fito da kwanon ruwa mai ɗan ɗumi, ya tsoma masa hannun a ciki.

"Sau nawa na ce kada a riƙe ƙaho?"

"Sau dubu, tsoho." Heluma ya ƙara nutsa hannun a ruwan. "Ko sau ɗaya ban ji ba."

"Kada ka murza. Bar shi a ciki. In ya yi bororo ka tafi asibiti."

Manaja ya dawo daga inda ya je ya tarar da mu haka. Ya shiga ya zagaya injin sau biyu. Babu abin da ya same shi, ko tabo. Ya aika aka kira mai gyaran waya, wani dattijo mai tabarau da ba ya wasa. Mutumin ya haska akwatin da tocila, ya ce wayoyin sun yi wa injin ƙanƙanta, sun daɗe suna dahuwa. Ya tambaya da me aka kashe. Aka nuna masa baƙar.

Ya ce, "Daidai. Lantarki na ciki lokacin da aka fesa?"

Heluma ya ce yana ciki.

Wani daga cikin ma'aikata, mai saurin baki, ya ce ai da ja ce a wurin, ta ruwa. Mai gyaran waya ya sauke tocilarsa ya haska jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan ya dubi Heluma ta saman tabarau.

Ya ce, "Da yanzu muna ƙofar gidanka muna yi wa iyalinka gaisuwa. Wane mai hankali ne ya sauya?"

Heluma ya cire hannunsa daga kwano, ya tashi ya fita bayan gida, muka ji yana amai.

Daga baya Manaja ya nufi lungu, ni da Heluma muka bi shi. Kan gadon ƙarfen yana jingine da bango a waje, ƙafafunsa a ɗaure da igiya. Kwanuka suna cikin kwali. Inna tana kan katifa a ƙasa, rediyonta a cinya. Manaja ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, abin da ban taɓa ganin ya yi a ginin nan ba, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan. An ce injinka ya tsira. Barka."

Ya kasa dubanta. Ya juya ga Sikeli ya ce, "Baba, takardar jiya. Ka ba ni ita."

Sikeli ya zaro ta daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu. Manaja ya yayyaga ta ya cusa a nasa aljihun. Ya buɗe baki zai ƙara magana, Sikeli ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, baƙar ta ƙare. Jar ma haka. Ko an gyara waya gobe, ba za a kunna injin ba sai an ɗuro su."

"Baba, littattafan nan Litinin ake jiransu."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Suka dubi juna. Can Manaja ya ce, "Kwana nawa ɗurin yake ɗauka?"

"In na je da kaina, akwai waɗanda muka yi aiki tare, kwana biyu. Kuma baƙa ɗaya ta yi wa ɗakin kaɗan. Yau da wutar ta ƙara girma kaɗan, da tukunyar ta ƙare ta bar Heluma da ita."

"Direba zai kai ka da safe. Ka zaɓo ta biyun da kanka."

Heluma bai jira an gama ba. Ya sunkuya ya kwance igiyar da haƙori da hannu ɗaya, ya ciccibi kan gadon ya shigar da shi ɗaki. Ya ce mini, "Jan Biro, ajiye ilimin nan ka kama mini ƙafa ɗaya." Muka haɗa gadon mu uku, ni da Heluma da Sikeli, shi yana nuna mana wace ƙusa ke shiga ina, Inna tana ƙasa tana cewa mun sa shi a karkace, a matsa shi jikin taga yadda yake. Sai da muka matsa sau uku kafin ta yarda. Sannan Sikeli da Heluma suka ɗaga ta a hankali suka ɗora.

Littattafan sun makara da kwana huɗu. Sikeli ya ƙara shekara tara a gidan. A shekara ta shida Inna ta rasu, wata safiyar Talata, a kan gadon nan jikin taga. Ranar aka kashe injina duka, Manaja ya rufe ƙofar gaba da hannunsa, muka tafi rakiya.